Makullin Mota a Bakin Mashigi

Ka ce ɗanka ya dame ka da zancen tuƙa motar gida, kai kuma ka rasa yadda za ka auna shi. To, gyara zama ka ji misalin wani manomi.

Manomin nan yana da wata tsohuwar mota, fara ce a da, amma jar ƙasar hanya ta daɗe da rina ta. Da ita ake zuwa gona, da ita ake kai iyali biki da asibiti. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani, duniya ta koma masa kamar yana kallonta ta cikin hayaƙin murhu. Ya san tuƙi ya kusa gagararsa. Yana da ɗa guda, mai shekara goma sha takwas, ya koyi mota har ya karɓi lasisi, yana juya ta a ƙofar gida da hannu ɗaya don maƙwabta su shaida. Amma uban ya ƙi sakin makulli. Tsoro yake ji, kuma ba motar yake jiye wa ba. Duk ran da ya kishingiɗa a inuwar darbejiya bayan azahar, mafarki ɗaya yake yi: ga motar tana ratsa gero shiru, ba ƙara ba ƙura, yaron na ciki yana ɗago masa hannu yana ƙara nisa, shi kuma yana kira, murya ta ƙi fita.

Wata rana a tsakiyar damina, an ɗauke ruwa za su dawo daga gona, sai ya miƙa wa yaron makulli, ya koma gefe, ya ja hula ya rufe fuska kamar mai barci. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga, belbelu na tashi fari fat daga cikin shuka, har gyangyaɗin gaske ya soma ɗaukarsa. Can sai ya ji an tsaya. Sun iso mashigin rafi, ruwa ya hau hanya, jawur, yana tafe da kara da ganye. A ransa dattijon ya ce a taka mai kawai ta wuce, don shi a ƙuruciyarsa haka ya sha yi. Yaron kuwa kashe mota ya yi, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana dogarawa. Da ruwa ya kai masa cinya sai ya juyo. Wata akori-kura shaƙe da albasa ta iso, direban ya leƙo ya ce, “Kai yaro, in tsoro kake ji ka koma wa keke!” Samarin da ke bisa kaya suka fashe da dariya. Ta ƙasan hula uban na ganin ɗansa yana cizon leɓe, amma bai kunna mota ba. Akori-kura ta faɗa ruwa, ta kai tsakiya, ta yi tari sau biyu ta mutu, ta karkace. Mutanen sun fito lafiya, sai dai buhuna sun kwance.

Yaron ya kafa sandarsa a bakin ruwa don ya ga janyewarsa. Suka zauna bisa mota, uba da ɗa, suna kallon albasa na wucewa ɗaya bayan ɗaya, tana juyi a hankali cikin hasken la'asar. Sai dab da magariba ruwa ya janye, yaron ya sake aunawa, sannan ya haye da su a giya ta ɗaya. A ƙofar gida ya rusuna ya miƙa makulli da hannu biyu. Dattijon ya dunƙule masa hannun a kai, ya ce, “Riƙe, ɗana. Gobe kai za ka kai innarka asibiti.” Washegari da ya kishingiɗa a inuwar darbejiya mafarkin ya dawo, gero na nan, motar na nan, sai dai wannan karon gida ta nufo.

Saboda haka kada ka tsaya kallon yadda ɗanka ya iya tafiya da mota. Duba ko ya iya tsayawa alhali ana yi masa dariya. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.