Idon da Malam Ya Gyara

"Ido ba ya zama a nan!" Malamin zane ya fizge gawayin daga hannun matar.

Tela ce mai furfura, ita ce babbar ajin. Wata uku yana koya musu awon fuska: idanu biyu a kan layi ɗaya. An wuce zuwa fenti, an shiga ginin tukwane, ita tana nan kan fuskar yarinya guda, kullum idon hagu a ƙasa da na dama.

Yau kuwa zanen ya fito kamar zai yi magana. Abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan: ga hannu, ga kunnen ƙashi.

"Malam, don Allah bar shi haka."

"Mama, a ajina ba a barin kuskure."

Ya sa tsumma ya goge idon, ya ja layi, ya zana sabo daidai wa daida. Ɗalibai suka tafa.

Matar ta daɗe tana kallon takardar.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Amma ba 'yata ba ce. Haka aka haife ta, da ido a karkace. Gobarar da ta tafi da ita ba ta bar mini ko hoto ɗaya ba. Sai yau na samo kallonta."

Ya miƙa mata gawayin. "Mayar da shi, Mama."

Ta runtse ido, ta daɗe, sannan ta buɗe.

"Na duba, Malam. Idon da ka zana kaɗai nake gani yanzu."