Malamar da Ta Kai Ajinta Bakin Kogi

Kai da kake tambaya ko hadda kaɗai ta isa ilimi, zauna ka ji wannan misali.

An yi wata malama, haifaffiyar bakin kogi can wajen Yawuri, da aiki ya kai ta wata makarantar firamare a wani ƙauye na arewa mai nisa, inda ruwa sai na rijiya, rijiyar ma sai an haɗa igiya biyu. Idan rana ta take, yara suna rera karatu, sai ta jingina da taga, ta ga kawalwalniya tana rawa bisa yashi, ta ji kamar ƙarar filafilin kwalekwalen mahaifinta tana zuwa daga nesa. Da aka zo darasin koguna, ta rubuta musu a allo cewa kogi ruwa ne mai gudu wanda ba ya tsayawa. Suka rera, suka haddace, ko tuntuɓe babu. Sai ta ce kowa ya zana mata kogi. Duk ajin suka zana rijiya doguwa a kwance, da guga a bakinta. Abin ya tsaya mata a rai. Ta samu shugaban makarantar, dattijo mai kishin aikinsa, ta roƙe shi ya bar ta ta kai su su gani. Ya ce jarrabawa ta ƙarato, kuma mai duba takarda ba ya tambayar abin da ido ya gani, sai abin da baki ya riƙe. Ta ce baki ya riƙe, amma zuciya fanko take. Suka yi ta ja, har ya yarda bisa sharaɗi: zai bi su, kuma in yaro ɗaya ya yi ko ƙwarzane, to ta nemi wani aikin.

Ta bi iyaye gida-gida har suka amince. Wata motar albasa da ke tafiya kudu babu kaya ta kwashe su. Da hantsi motar ta hau wani tudu, sai ga kogin shimfiɗe a ƙasa, fari fat kamar an kwantar da sararin sama, jiragen masunta suna yawo a kansa kamar ganyen da iska ta manta. Yaran da suka yi ta surutu tun daga gida suka zuba masa ido. Suka sauka a hankali, riƙe da hannun juna. Wata yarinya ta tsuguna, ta sa tafinta a ruwa, ta ji yana wucewa ta tsakanin yatsunta, ta ɗago ta ce, “Malama, ashe da gaske ba ya jiran kowa.”

Shugaban ya gyara murya don ya sa su rera darasin a nan take, amma sai ya fasa. Shekara da shekaru yana koyar da kogi, shi ma bai taɓa tsayawa a gabansa ba. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga har idon sawu, ya daɗe a tsaye a cikin ruwan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.