Ragowar Zogale

Tana kallo shuɗin kifin nan na ruwan gishiri ya sake juya wa abinci baya, maigidanta ya dafe kai gaban akwatin gilashin. Dama mai shagon da ya sayo kifin ya ce masa baƙunta ce, a gwada ganye.

Sai maigidan ya shiga kicin, ya juye ragowar zogalen da ta taho da shi daga Kano cikin ruwan. Kifin ya wawure.

"Ya ci! Kin gani? Wanda aka raba da gidansu sai ana lura da shi."

"Haka ne, Baban Afnan."

Tun zuwanta Kuala Lumpur zogalen nan kaɗai ke shiga cikinta. Ta rufe shinkafar da ba ta taɓa ba, ta ƙara tamke zanin da ya fara yi mata yawa.