Tela Mai Rawar Hannu

Na shiga shago da kwanon abincin maigidana, sai na tarar da shi yana zura zare a allura. Sau ɗaya tak, zare ya wuce. Hannun ko motsi bai yi ba.

Hannun nan ne fa mota ta murƙushe bara. Tun da aka cire filasta yake karkarwa, har yau ni ke ba shi abinci a baki. Aikin wuyan rigarsa ya koma lanƙwashe-lanƙwashe, muka ɗauka sana'a ta ƙare. Sai ga mutane suna layi, wai sabon salo ne.

"Malam, hannunka ya warke!" na ce.

Ya yi wuf ya ja labule. "Rufa mini asiri, baiwar Allah. Ya daɗe da warkewa. Tun ina saurayi nake ɗinki a miƙe, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Yanzu kullum sai na zauna na gwada karkarwar, don kada ta ɓace mini."

Na riƙe haɓa. "To, masifar da ka daina a gida, ita ma wasan kwaikwayo ce?"

"A'a," ya ce a hankali. "Wanda aka yi watanni ana ciyar da shi kamar jariri, ina ya ga bakin faɗa?"

Na miƙa masa cokali. "Madalla. Yau da kanka za ka ci."

Nan take hannun ya soma rawa.