Makullin Gidan Inna

Inna ta sake aike ni gidanta na haya a Gummi, domin Dabo, malamin asibitin da zai tare, ya kawo sabon ƙorafi. Jiya taga ce, yau kuma wai ƙofa tana ƙara.

Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Malam, in gidan ga bai yi maka ba, ka nemi wani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini makullin gidan. "Gida ba shi da laihi, Sa'adatu. Da na ce ya yi, Inna ba za ta sake aiko ki ba."

Na sunkuyar da kai don kunya. Ya tsaya yana jiran amsa, ni kuwa ina kallon ƙasa. Sai da na ji tashin babur ɗinsa na ɗago kai.