Kafintan da ke Bin 'Yarsa da Faci

Malam Hashimu, na ji ka ɗazu a wajen taro kana cewa ina ruwanka da wata uwar ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙasa, kai dai ɗanka ka sani. To gyara zama in ba ka misalin wani kafinta, don shi ma haka bakinsa yake.

Kafintan nan gwani ne, ba a kushe masa aiki, sai dai kansa ya fi katakon da yake ferewa tauri. Yana da 'ya a aji shida, Ladidi, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar ya ga ta shiga sakandare. Kwanon rufin ajinsu ya tsufa, da damina ta faɗi sai yoyo. Rannan ta dawo gida littattafanta sun jiƙe sharkaf. Iyaye suka aiko masa ya zo taron ƙungiya a san abin yi, ya ce shi ba ya zaman surutu a gindin bishiya, guduma gare shi. Ya saɓi tsani, ya sa yarinyar ta nuna masa bencinta, ya hau ya buga faci daidai saitin kanta, ko taƙi ɗaya bai ƙara ba. Yaron da ke gefenta kuwa, wai ubansa ya zo ya yi masa. Abin da gogan naka bai sani ba, malamar ajin takan sauya wa yara wurin zama duk bayan gwaji. Mako na zagayowa aka mai da Ladidi gaban allo, ɗan mahauci ya gaji facinta, baki har kunne. Kafinta ya sake hawa. Aka mai da ita jikin taga, ya sake hawa. Har yara suka gano lagon abin, kowa so yake a ba shi wurin da Ladidi ta tashi. Mutanen gari kuwa in sun hango shi a sama, ba sa ko tambaya, sun san an sauya wa yarinya benci.

Ana haka sai wata iska ta gaban hadari ta zo ranar da ba makaranta, ta yaye rufin ɗungurungum, da facin da komai, ta kifa a gonar dawa. Ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato. Aka ce in ba rufi sai dai yara su je wani gari su rubuta, hanyar garin kuwa rafi ya yanke ta. Nan fa ido ya raina fata, don in Ladidi ta rasa ta bana sai kuma baɗi. Kafinta ya zura babbar riga ya nufi ofishin ilimi shi kaɗai. Yau a ce oga ya fita, gobe a ce yana taro, har masinja ya fara gaishe shi da suna. Ya dawo ba biyan buƙata, ya iske iyaye da malamai a gindin bishiya, ya raɓa ya zauna daga can baya. Ba wanda ya yi masa gori, illa wata tsohuwa da ta dube shi ta ce, "Sannu da saukowa, malam kafinta."

A zaman nan ne ya gane ashe 'yar ƙungiyar tasu reshe ce. Suka kai kukansu ga ta jiha, ta jiha ta miƙa wa uwar ƙungiya ta ƙasa, aka haɗa shi da na sauran makarantun da iska ta yi wa ɓarna, aka kai gaban hukuma da murya ɗaya. Ogan nan da kullum ya fita sai ga shi ya zo da ƙafarsa, motar kwano da katako na biye da shi. Har da wani wakilin ƙungiyar daga wata jihar da iska ta saba yi musu irin wannan ta'adi, ya nuna musu yadda ake ɗaure katakon rufi da rodi a cikin bango. Kafinta ya zuba ido, ya ce a ransa ashe da saura. Aka yi gayya, shi ne ma a sama yana ba da umarni, maza na miƙa katako, malamai na miƙa ƙusa, mata na zagayawa da kunu. Ranar jarrabawa aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Ladidi da 'yan ajinsu suka rubuta a bushe, kuma da sakamako ya fito sunanta na cikin waɗanda suka ci. Murnar da mutumin nan ya yi, sai da ya bi gida-gida yana godiya.

Ka ga, gudumarsa tana nan yadda take, ƙarfinsa ma bai ƙaru ba, masu kamawa ne suka ƙaru, daga na kusa har na nesa da bai taɓa gani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.