Ruwan Sanyi a Kunne

Likita ta ce wa tsohon ya jira a waje, gwajin ƙarshe ba shi da daɗin kallo. Ya ƙi fita.

Tun da babur ɗin gona ya kife da ɗansa, na'ura ce ke masa numfashi. An ce ƙwaƙwalwa ta mutu, tsohon ya kafe cewa mai ɗumin jiki bai mutu ba.

Likitar ta ɗura ruwan ƙanƙara a kunnen saurayin tana duban idanunsa. Ko motsi.

"'Yata, ruwan nan da sanyi sosai?"

"Sosai, Baba."

Ya yi 'yar dariya. "Malalacin banza! Da haka nake tayar da shi tatsar shanu a hunturun tsibirinmu na Tasmaniya. Ɗigo ɗaya, sai ya zabura yana rantsuwa zai bar mini gidan."

Ya daɗe yana jiran zaburar. Daga bisani ya zaro hankicinsa, ya goge kunnen a hankali, ya ja masa bargo.

"Masu jiran dashen zuciya da ƙoda, a kira su a ba su nasa," ya ce wa likita.

Sannan ya sunkuya daidai kunnen. "Yi barcinka, ɗana. Yau kai za ka tayar da wasu."